Sabar da mutum ɗaya kaɗai ya san kanta ba taku ba ce

Ranar 14 ga Mayu, 2025, magatakardan hukumar JAMB, Farfesa Is-haq Oloyede, ya fito gaban 'yan jarida ya amsa cewa an samu matsala a jarrabawar shiga manyan makarantu ta wannan shekarar. Ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da Kudu maso Gabas abin ya shafa, sai da aka sake kiran su suka zauna jarrabawar. Bayanin da hukumar ta bayar ba na kutse ba ne, ba na ɗauke wuta ba ne. An yi wa manhajar jarrabawa gyara, sai ma'aikatan wani kamfani da ke yi wa hukumar aiki suka bar wasu sabobin ba su sabunta su ba. Wato wasu na'urorin suna kan sabon tsari, wasu suna kan tsoho, kuma babu wanda ya lura sai da sakamako ya fito.

Ba JAMB muka zo tuhuma a yau ba. Abin da muke so ku gani, 'yan'uwa matasa, shi ne irin wannan cutar. Idan hukumar da ke da kuɗi da injiniyoyi za ta iya faɗawa ramin "wannan na'ura ba ta yi daidai da waccan ba", to ina ga makarantar sakandare a Sundimina, ko kantin magani a Birnin Kudu, ko ƙungiyar 'yan kasuwa a Sara ta ƙaramar hukumar Gwaram, waɗanda duk harkar kwamfutarsu tana hannun yaro ɗaya? Ra'ayin wannan shafi shi ne: duk matashin da ke son ya riƙa haɗa wa mutane saba a yankinmu, to ya koyi kwantenar manhaja, kuma duk wanda zai biya kuɗi a haɗa masa saba, ya daina karɓar aikin da ba a miƙa masa a rubuce ba.

Me ya kai mu ajiye saba a gida?

Saba, wadda wasu ke kira uwar garke, kwamfuta ce kawai da aka bari a kunne domin sauran na'urori su riƙa zuwa wurinta suna karɓar abin da suke so. Idan ka buɗe TikTok ko WhatsApp, sabar wani kamfani kake ƙwanƙwasa wa ƙofa a wata ƙasa. Amma tsohuwar laftof da ke ajiye a ofishin shugaban makaranta ita ma za ta iya zama saba, idan an haɗa ta da rawuta, wayoyin ɗalibai su kama ta ta Wi-Fi ba tare da an ƙona data ko ta kwabo ba.

Wani zai ce, to ai ga gajimare nan, a biya Amazon ko Google a huta. Gaskiya ne akwai ayyukan da nan ne muhallinsu. Sai dai mu tuna abubuwan da muka gani da idonmu. A watan Yunin 2023 aka saki naira ta nemi farashinta, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a 2024, kuma hayar saba a waje da dala ake biya. Ranar 14 ga Maris, 2024, wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka tsinke a gabar Afirka ta Yamma, bankuna da kamfanoni suka yi kwanaki suna rarrafe. A watan Satumban 2021 an rufe layukan sadarwa a Zamfara baki ɗaya da wasu ƙananan hukumomin Katsina saboda matsalar tsaro. A Janairun 2025 hukumar NCC ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari. Wanda duk rajistar ɗalibansa ko lissafin kantinsa yake can waje, duk ranar da ɗaya daga cikin waɗannan ya faru, sai dai ya zauna ya rafka tagumi. Bahaushe ya ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Kuma manhajojin da ake buƙata kyauta suke. Moodle tana shirya darussa da jarrabawar gwaji irin ta kwamfuta. Kolibri an gina ta ne musamman domin makarantun da ba su da intanet. Kiwix tana ɗauke da Wikipedia, har da ta Hausa, a buɗe ta ba layi. Nextcloud tana ajiye takardu da hotuna kamar Google Drive amma a ɗakinka. Na'urar ma ba ta gagara ba: tun ranar 14 ga Oktoba, 2025, Microsoft ta janye tallafin da ta saba ba Windows 10, kuma tsofaffin laftof da yawa ba sa ɗaukar Windows 11, amma suna ɗaukar Linux lafiya lau.

To idan manhaja kyauta ce, na'ura ma tana samuwa, me ya sa irin waɗannan ayyuka ke mutuwa bayan wata shida?

Cutar kayan haɗi

Babu manhajar da ke tsayawa ita kaɗai. Kamar miya take: kuka ba ta zama miya sai da daddawa da gishiri da mai, kuma kowanne da gwargwadonsa. Moodle da harshen PHP aka rubuta ta, saboda haka sai an girka PHP. Tana buƙatar rumbun bayanai, irin su MariaDB ko PostgreSQL. Tana buƙatar wasu ƙananan ɓangarori na sarrafa hoto da rubutu. Kowanne daga cikinsu yana da siga, mai lamba, kuma ba kowace siga ce ke jituwa da 'yar'uwarta ba. Waɗannan su ne kayan haɗin manhaja, kuma a nan rigimar take.

Ga misali da za ku iya gwadawa. A ce wata makaranta ta girka Moodle 3.9 a kan Ubuntu 20.04, wadda ke zuwa da PHP 7.4. Komai yana tafiya daidai. Bayan shekara biyu shugaban makaranta ya ce yana son Nextcloud domin malamai su riƙa ajiye takardun jarrabawa. Sababbin sigogin Nextcloud ba sa karɓar PHP 7, sai 8. Yaron da ke kula da sabar ya ɗaga PHP zuwa 8, Nextcloud ta tashi, Moodle ta kwanta, domin Moodle 3.9 ba ta aiki da PHP 8. Ya mayar da PHP baya, Moodle ta farfaɗo, Nextcloud ta mutu. Kishiyoyi biyu, tukunya ɗaya, kowacce da irin wutar da take so.

Ƙwararre zai iya sasanta su. Ana iya girka PHP iri biyu a na'ura ɗaya, a nuna wa kowace manhaja nata. Amma wannan sasantawar da hannu ake yin ta: a gyara layi a wannan fayil, a sauya lamba a wancan, a ɗauko wata dabara daga wani bidiyon YouTube da ƙarfe biyun dare. Bayan wata uku shi kansa wanda ya yi aikin ba zai iya lissafa abin da ya taɓa ba. Sabar ta zama kamar tsohuwar mota da direbanta kaɗai ya san wayar da ake haɗawa kafin ta tashi.

Daga nan sai rayuwa ta yi halinta. Yaron ya samu gurbin karatu a Jami'ar Tarayya ta Dutse ko Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa, ko ya tafi bautar ƙasa, ko ya samu aiki a Kano. Ko kuma ɗan bautar ƙasar da ya haɗa ta ya gama wa'adinsa ya koma jiharsu. Ranar da faifan na'urar ya ƙone, sai a fara kiran waya: "Don Allah ka daure ka zo ƙarshen mako." In ya zo ya sake girkawa, abin da ya sauko daga intanet yau ba shi ne wanda ya sauko bara ba, sai wata sabuwar rigimar ta taso. Ƙarshenta a rufe laftof ɗin da tsumma, a koma rajistar takarda, a ce ai dama kwamfuta ba ta yi da ƙauye. Alhali ba ƙauyen ne ya kashe ta ba. Ilimin yadda aka haɗa ta ne ya hau mota ya tafi.

Masu rubuta manhaja a duk duniya sun san wannan ciwon. Suna da wata magana da suke zolayar juna da ita: ai a tawa kwamfutar tana aiki. A watan Maris na 2016 wani mai shirya manhaja ya janye wata 'yar ƙaramar manhajarsa mai suna left-pad, mai layi 11 kacal, daga rumbun npm, sai ga dubban ayyuka a duniya sun kasa haɗuwa domin sun dogara da ita ba su ma sani ba.

Daga tashar jirgin ruwa zuwa cikin kwamfuta

Kowa a nan ya san kwantena, ko da wadda aka mayar shagon caji ce ko ta POS a bakin titi. Kafin a ƙirƙiro ta, buhu-buhu da ganga-ganga ake loda kaya a jirgin ruwa, jirgi ya yi kwanaki a tasha, kaya su fashe, wasu a sace. A 1956 wani Ba'amurke mai harkar manyan motoci, Malcom McLean, ya loda akwatunan ƙarfe 58 a jirgin Ideal X daga Newark zuwa Houston. Hikimar ba a ƙarfen take ba, a daidaita girman take. Da zarar akwati ya zama iri ɗaya, ba ruwan mai jirgi ko direban tirela da abin da ke ciki, shinkafa ce ko atamfa. Shi ya sa kwantenar da aka rufe a Sin za ta iya isowa tashar tsandauri ta Dala da ke Zawaciki a Kano ba a sake zazzage ta ba.

Wannan tunanin aka kai cikin kwamfuta. Maimakon a girka manhaja a bar ta tana neman kayan haɗinta a jikin na'ura, sai a ɗaure ta tare da su a ƙunshi ɗaya: Moodle da nata PHP, Nextcloud da nata, kowacce a akwatinta. Dabarar killace manhaja ta daɗe. Tun 1979 Unix ke da chroot, FreeBSD ta kawo nata salon a 2000, a 2008 kuma aka shigar da cgroups, aikin injiniyoyin Google, cikin Linux. Amma sai a Maris na 2013, da Solomon Hykes ya nuna Docker, abin ya sauko hannun kowa. A 2015 kamfanoni suka haɗu suka amince da ma'auni ɗaya na kwantena, shi ya sa abin da aka gina da Docker yake tashi a Podman ba gardama.

Yadda take aiki ba wani siddabaru ba ne. Ku ɗauki gidan haya. Harsashi ɗaya, rufi ɗaya, famfo ɗaya, amma kowane ɗan haya da ɗakinsa da makullinsa da tukunyarsa. Harsashin shi ne zuciyar Linux, wadda dukkan kwantenoni ke tarayya a kanta. Katangar da ke tsakanin ɗakuna ita ce ke sa kowace kwantena ta ga fayilolinta kawai, ta ɗauka ita kaɗai ce a gidan. Sannan akwai mudun awo, wanda mai gida zai iya cewa wannan kada ta wuce kaza na ƙwaƙwalwar na'ura, don kada ɗaya ta shanye ruwan gidan. Tsohuwar hanyar raba manhajoji ita ce a gina kwamfuta sukutum a cikin kwamfuta, kowacce da cikakkiyar babbar manhajarta, kamar a gina wa kowane ɗan haya gida daban. Wannan yana cin ƙwaƙwalwa sosai. Kwantena ba ta da wannan nauyin, shi ya sa laftof mai gigabait 8 za ta iya ɗaukar guda huɗu ko biyar na ƙananan ayyuka ba ta yi nishi ba.

Kalmomi uku suka kamata ku riƙe. Ta farko imej: shi ne ƙunshin da aka riga aka ɗaure, ba ya canzawa, kamar abin buga bulo. Ta biyu ita ce kwantenar kanta, wato bulon da aka buga da shi. In ya fashe sai a sake buga wani irinsa sak cikin daƙiƙoƙi. Ta uku bolum: wuri ne a wajen kwantena inda ainihin bayananku suke zama, sunayen ɗalibai da makinsu da lissafin kuɗi. Kwantena abar yarwa ce, bolum shi ne dukiyar.

Abin da ya fi shafar mu a Sundimina

A Legas ko Landan, ana yabon kwantena ne saboda tana ba manyan kamfanoni damar tafiyar da dubban sabobi da kayan aiki irin su Kubernetes, wanda Google ta fitar a 2014. Mu ba wannan ne ya dame mu ba. Abu biyu ne namu.

Na farko, takardar gado. Da Docker Compose, duk tsarin sabar yana zama a fayil ɗaya na rubutu, sau da yawa bai wuce layi talatin ko arba'in ba. A ciki an rubuta wace manhaja, wace siga da lambarta, ta wace ƙofa za a shiga, a wane wuri bayanai za su zauna. Abin da a da yake cikin kan mutum ɗaya, yanzu ya zama takardar da za a iya tura wa ta WhatsApp, a buga ta a saka a fayil ɗin ofis. Idan na'ura ta ƙone, wata yarinya da ta gama sakandare bara za ta iya samo wata laftof, ta girka Linux da Docker, ta dawo da bayanai daga kwafin ajiya, ta rubuta docker compose up, sabar ta dawo yadda take. Ba sai an biya wa kowa kuɗin mota daga Kano ba.

Na biyu, filash. Wanda ya taɓa ƙoƙarin sauke babban fayil a ƙauyukan Gwaram ya san yadda layi ke yankewa a kashi 80 cikin ɗari. Girka manhaja ta tsohuwar hanya yana nufin sauke ɗaruruwan ƙananan fayiloli, ɗaya ya kuskure duka ya tsaya. Shi kuwa imej, sau ɗaya za a sauke shi inda layi ke da ƙarfi, a Dutse ko cikin garin Birnin Kudu, a adana shi da docker save, a zuba a filash, a je Sundimina ko Basirka ko Kila a loda shi da docker load. Makarantu goma za su iya samun abu iri ɗaya daga filash ɗaya, kuma idan ta ɗaya ta samu matsala, maganin da ya yi mata shi zai yi wa sauran, domin ba su bambanta ba. Wannan daidaiton shi ne abin da ya kuɓuce a labarin da muka fara da shi.

Kada a yi mata kallon maganin ƙarfe

Ba za mu yi muku tallan mai maganin tasha ba, wanda ƙullinsa ɗaya ke warkar da basir da shawara da ciwon baya. Akwai abin da kwantena ba ta yi.

Ba ta sabunta kanta. Waccan Moodle 3.9 da PHP 7.4 za su zauna lafiya a akwatinsu, amma PHP 7.4 ta daina samun gyaran tsaro tun Nuwamban 2022. Kwantena ta ba ka sararin numfashi ne ka shirya ƙaura a tsanake, ba lasisin yin barci ba. A Disamban 2021, da aka gano ɓarakar Log4j, kamfanoni da yawa sun sha wuya kafin su gano cikin waɗanne akwatunansu abin yake. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsohon imej tsagaggen bango ne.

Ba ta maye gurbin kwafin ajiya. Wanda ya bar bayanai a cikin kwantena maimakon bolum, ranar da ya goge ta ya goge makin ɗalibai. Wanda ya sa su a bolum amma bai kwafa zuwa wani faifan ba, ranar da ɓarawo ya ɗauke laftof ɗin an gama. A yi kwafi duk mako, a ajiye ɗaya a wani ginin daban, kuma a gwada dawo da shi a gani ko yana aiki. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ba kowane imej ne abin yarda ba. Docker Hub kasuwa ce, kowa na iya baza kolinsa, kuma an sha samun waɗanda aka cusa wa mugun abu. A ɗauki na masu manhajar da kansu ko wanda aka tantance. A kuma rubuta lambar siga ƙarara a fayil, kada a ce "ta ƙarshe", domin ta ƙarshen yau ba ita ce ta watan gobe ba, kuma nan ne tsohuwar cutar ke dawowa ta taga. A lura da irin na'ura: imej ɗin da aka gina domin laftof mai Intel ba zai tashi kai tsaye a Raspberry Pi ba, sai an samo na ARM.

Ba ta kawo wuta. Kowa ya san halin lantarki a yankinmu. Amma a nan laftof ta fi babbar kwamfuta, domin tana da batirinta, kuma ƙaramin sola zai riƙe ta da rawuta. Docker kuma ana iya gaya mata ta tayar da kwantenoni da kanta duk lokacin da na'ura ta kunnu.

Sannan ba ta ɗauke amana. Tun Yunin 2023 Najeriya ke da dokar kare bayanan jama'a. Wanda ya ajiye sunaye da lambobin wayar mutane, balle bayanan marasa lafiya, nauyinsu yana wuyansa, ko a gajimare suke ko a ƙarƙashin tebur. Saba mai kalmar sirri 1234 abin kunya ce ko da a cikin kwantena goma take.

Wasu za su ce wannan ilimin ya yi wa matashin karkara nisa, gara ya koyi gyaran waya ko zanen fosta. Ba mu raina waɗannan ba, suna ciyar da gidaje. Amma ku duba yawan masu yin su a kowace kwana, sannan ku ƙirga masu iya tayar da saba su miƙa ta a rubuce. Shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023 ya saka DevOps da harkar gajimare cikin fannoninsa, kuma kwantena tana tsakiyar su biyun. Manhajar DHIS2, wadda Najeriya ke tattara alƙaluman lafiya da ita, tana buƙatar Java da Tomcat da PostgreSQL, amma akwai imej ɗinta da ɗalibi zai tayar a laftof ɗinsa ya koya. Abin da ka iya a kan tsohuwar na'ura a Sundimina, umarni iri ɗaya ne ake bugawa a sabobin bankuna. Wasu kuma za su ce ai yanzu ƙirƙirarriyar basira tana rubuta fayil ɗin cikin minti ɗaya. Tana rubutawa, ƙwarai. Amma ranar da ta ba ka umarnin da zai share bolum, kai ne za ka tsaya gaban shugaban makaranta, ba ita ba.

Kiranmu

Gare ku matasa, maza da mata: kada ku jira a buɗe muku cibiya. Ku samo tsohuwar laftof, ko ku haɗa kuɗi ku uku ku sayi ta hannu. Ku sa mata Ubuntu ko Debian. Makon farko ku tayar da Kiwix a kwantena, ku buɗe ta da wayoyinku. Mako na biyu ku ƙara manhaja mai rumbun bayanai. Mako na uku ku yi gwajin da ke bambanta gwani da ɗan koyo: ku goge komai da gangan, ku miƙa wa abokinku fayil ɗin da kwafin ajiya, ku koma gefe ku yi shiru. In ya tayar da ita ba tare da ya tambaye ku komai ba, kun iya. In kuwa sai da kuka sa baki, to da sauran aiki. Abin da kuka koya ku rubuta shi da Hausa ku saka a Facebook ko ku yi gajeren bidiyo, domin bayanin wannan fanni da harshenmu ƙalilan ne.

Akwai kuma wata ɗabi'a da ya kamata mu faɗa wa juna gaskiya a kanta. Wasu da gangan suke ɓoye yadda suka haɗa abu don a riƙa neman su. Suna ganin wayo ne. Wallahi ba wayo ba ne, domin wanda ya ɗaure mutane da sirrinsa shi ma ya ɗaure kansa: ba zai iya karɓar aiki na biyar ba saboda na farko bai sake shi ba. Wanda ya miƙa aiki a tsabtace shi ake kira a makaranta ta gaba.

Gare ku shugabannin makarantu da masu asibitoci da kantuna da shugabannin ƙungiyoyi: ba sai kun san Docker ba. Abu huɗu za ku nema kafin ku biya cikon kuɗi. A ba ku fayil ɗin tsarin sabar. A ba ku kalmomin sirri a rufaffiyar ambulan. A nuna muku inda kwafin ajiya yake. Sannan a sa wani mutum daban ya tayar da sabar a wata na'urar a gabanku. Wanda ya ƙi wannan sharaɗi, haya ya ba ku ba sayarwa ba.

Ga gwamnatin Jigawa da ƙananan hukumomin Birnin Kudu da Gwaram: jihar nan ta riga jihohi da yawa shiga harkar kwamfuta tun farkon shekarun 2000, cibiyar koyar da kwamfuta ta Kazaure shaida ce. Abin da muke roƙo ba ya buƙatar sabon gini. Duk kwangilar kai kwamfutoci makaranta ko asibiti ta ƙunshi sharaɗin miƙa tsari a rubuce da horar da aƙalla mutum biyu 'yan garin. Manyan makarantunmu kuma su saka Linux da kwantena a aikace, ɗalibi ya taɓa da hannunsa kafin ya karɓi shaida.

A duwatsun Birnin Kudu akwai zanen shanu da mutanen da suka yi, har yau ana zuwa kallo, masu zanen kuwa ba wanda ya san sunansu. Ba mu ce fayil ɗinku zai kai haka ba. Ya dai kai ranar da za ku tafi karatu, ɗaliban da kuka bari su shiga aji su tarar da sabar tana aiki.